Saƙon Da Ya Goge Kansa

Ku yi haƙuri da shirun da na yi. Ba ciwo ba ne. Wayata ce ba ta hannuna, kuma yanzu za ku ji dalili.

Ga waɗanda suka shigo shafin nan yau: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har ogana a shagon tabarau inda nake aiki. A shagon na haɗu da shi. Ya zo da jajayen idanu, ya ce kwamfuta ce ta cinye su. Da aka gama awo na ce ya ba ni lambarsa, in sanar da shi idan gilashin ya fito.

"Bayan nan me za a yi da lambar?" ya ce.

"A goge."

"Wa zai goge?"

"Ni."

Ya daɗe yana kallona ta cikin gilashin gwaji, mai kama da na masu walda. Sai ya ce, "To. Ke na yarda da ke."

Ban goge ba. Shi ma bai tambaya ba. Tun lokacin yake zuwa gidanmu.

Aikinsa tsaron kwamfutoci ne a wani kamfani. Shi ke hana masu kutse shiga su kwashe bayanan mutane. Mama tana ce masa Injiniya. Yayata tana ce masa Maigadi, idan ba ya kusa. Ba shi da hoto ko ɗaya a intanet. Kyamarar wayarsa a liƙe take da baƙin salatif. Idan ya zo falonmu, kujerar da ke kallon ƙofa yake zama, ya sha lemo rabi, ya tambaye ni aiki, in ce lafiya, in tambaye shi aiki, ya ce ba ya iya faɗa. Sai mu yi shiru. Ni shirun bai dame ni ba. Ni ma ba mai surutu ba ce.

Matsalar ita ce manhajar da ya sa min a waya. Ta nan kaɗai yake min saƙo. Kana buɗe saƙo, jim kaɗan ya goge kansa. Ka ce za ka ɗauki hoton fuskar wayar, baƙi ƙirin zai fito. Watanni muna tare, amma idan ka buɗe hirarmu, fari fat, kamar ba mu taɓa gaisawa ba.

Abu ɗaya ne yake zama. Duk Litinin ogansu yana tura wa ma'aikatan sashensu abin da yake so su karanta: wani kan fasaha, wani kan kasuwanci, wani kan abin da ke faruwa a duniya. Shi kuma sai ya turo min ta imel. Ba ya ƙara komai sai layi guda a sama. "Na tsakiyan ya fi daɗi." Ko, "Na ƙarshen yana da tsawo, ki yi haƙuri." Wasu 'yan mata ana turo musu hoton fure. Ni rahoto ake turo min kan yadda aka kulle kwamfutocin wani asibiti. Kuma ina karantawa. Kada ku tambaye ni dalili.

Mama ta gaji. Ranar da ya tafi ya bar rabin lemo kamar kullum, ta shigo ta tsaya a kan kujerarsa, tana kallon inda katifar ta lotsa.

"Auta, yaron nan haya yake a gidan nan?"

"A'a."

"Maƙwabta sun fara tambayata. Na rasa amsa. Mai shagon ƙofar gida har sannu da zuwa yake masa. Ki faɗa masa, in watan nan ya ƙare bai buɗe baki ya yi maganar da ake yi ba, ya huta da zuwa. Ba na gāba da shi. Amma ya huta."

Mama ba ta maimaita magana. Na san da gaske take. Ban faɗa masa ba, domin ban san yadda ake faɗa ba.

Sai ga shi, ana tsakiyar aiki da rana, wayata ta yi motsi a aljihun farar rigar shago. Wani dattijo ne a gabana, ya kasa zaɓa tsakanin firam mai ruwan ƙasa da baƙi. Na juya gefe na buɗe.

"Ina so in aure ki. Na yi tunani sosai. Idan kin amince, zan yi wa Baba magana."

Na karanta.

"'Yata, wannan ko wannan?" in ji dattijon.

Na ajiye wayar a kan gilashin kanta. Na sa masa mai ruwan ƙasan, na riƙe masa madubi. Ya ce ya tsufar da shi. Na sa masa baƙin. Ya ce matarsa za ta ce ya yi kama da alƙali. Muka koma mai ruwan ƙasan. Da ya fita na ɗauki wayar.

Fari fat.

Na tsaya ina kallo har allon ya mutu. Sai shakka ta shigo. Na gani kuwa? "Aure" ya rubuta, ko idona ne? Mai aiki a shagon tabarau ta fi kowa sanin ido yana ƙarya. Na rubuta masa, "Ka turo wani abu?"

"Eh."

"Mene ne?"

"Kin buɗe shi. Ya nuna min."

Na jira ya ƙara. Bai ƙara ba. Ni kuma na kasa rubuta "na amince" a ƙarƙashin babu. In ba shi ne ya rubuta ba fa? In tambayata ya yi ko gilashinsa na biyu ya iso? Waɗannan saƙonnin ma suka goge. Ranar zuwansa ta zo, bai zo ba.

Na sami Mama a kicin tana goge murhu.

"Mama, ya yi maganar."

Ta ajiye tsumman. "Nuna min."

"Ya goge."

"Ya faɗa kuma ya goge?"

"Ba shi ya goge ba. Saƙon ne ya goge kansa."

Ta dube ni daga ɗankwali har silifas. "Auta, ni na haife ki."

"Wallahi, Mama."

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Na ce mafarki ma yana zuwa da rana." Ta ɗauki tsummanta.

Washegari Asabar ce, ba aiki. Mama ta kira Yaya. Yayata tana aure nan kusa, kuma tana ganin duk wanda ya yi aure a danginmu ita ta haɗa. Ta shigo da doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya, mayafi a kafaɗa, turarenta ya riga ta shiga falo. Ta zauna a kujerarsa, ta miƙo hannu.

"Kawo abin da yake turo miki. Namiji ba ya tura abu a banza."

Na buɗe mata imel. Mama ta jawo kujera.

"Ga shi nan," in ji Yaya. "Kamfanonin jiragen ruwa biyu za su haɗe su zama ɗaya. Mama, kin ji? Biyu su zama ɗaya."

"Ci gaba," in ji Mama.

"Bayan haɗewar za a sallami ma'aikata da yawa." Yaya ta ɗago kai. "To, wannan tsofaffin 'yan matansa ne."

"Yaya, ogansu ne yake zaɓa."

"Rufe min baki. Na gaba: farashin wayoyi zai tashi saboda ƙarancin wasu ƙananan kayan ciki. Wato yana ce miki ki lallaɓa wadda kike da ita, ba zai saya miki sabuwa ba. Marowaci ne, amma mai gaskiya."

"Na ƙarshen fa?"

Yaya ta karanta kan maganar a hankali. Rahoto ne kan ɓarayin da ke ƙwace asusun mutum, su riƙa rubuta wa masoyansa daɗin baki da sunansa, har su samu abin da suke so. A samansa ya rubuta, "Wannan ki karanta sau biyu."

"Wannan ba namu ba ne," in ji Yaya, ta wuce shi.

Ni na karanta shi, sau biyu kuwa. Da ma ita ma ta karanta.

Ta ce in buɗe mata manhajar. Na ce a'a. Ta ce, "Kina so watan ya ƙare?" Na dubi Mama. Mama tana kallon silin. Na sa yatsana, manhajar ta buɗe. Yaya ta fizge wayar, ta shige ɗakina, ta murza makulli.

"Yaya, me kike rubutawa?"

"Abin da ya kamata ki rubuta tun bara."

Tana rubutawa tana karanta mana ta bayan ƙofa, da muryar masu wasan rediyo.

"Hasken idona, sanyin zuciyata. Tun da na ga saƙonka barci ya ƙaurace min, abinci ya fita raina. Sake turo min shi yanzu yanzu, da muryarka mai daɗi, in adana. Ka haɗo da hotonka, da unguwar da iyayenka suke. Kada ka ɓata lokaci, masoyi." Ta ce ta jera jajayen zukata har layi biyu.

Na jingina goshina da ƙofar. Daɗin baki, gaggawa, neman murya, neman hoto, neman adireshi. Duk abin da rahoton ya ce a kiyaya, Yaya ta haɗa shi a saƙo guda.

"Ya amsa," ta ce. "Wai, 'Wane ne wannan?' Ji ɗan rainin hankali." Ta rubuta masa, "Masoyiyarka mana."

"Yaya, ba ni wayar."

"Wai, 'Me na ce a ranar da na ba da lambata?' Sai na ce masa, ka ce ni ce tauraruwarka."

Ta daina karanta mana. Sai makulli ya juya. Yaya ta fito tana riƙe da wayar da yatsu biyu.

"Auta, me ake nufi idan hoton makulli ya fito, aka ce ba za ki iya tura saƙo ga wannan mutumin ba?"

Mama ta tashi ta koma kicin. Na shiga ɗaki na kwanta rigingine da rigar gida, tsohuwar shuɗiya mai yagaggen aljihu. Na kira lambarsa, ba ta shiga. Ban yi kuka ba. Na dai ƙirga fankar sama tana juyawa har na daina ƙirgawa. Watan saura kaɗan, kuma mutumin ya rufe ni.

Ba a jima ba na ji babur ya tsaya a ƙofar gida da ƙarfi.

Baba yana baranda da jarida. Baba a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tsakaninsa da Injiniya ba a taɓa wuce gaisuwa ba. Na leƙa ta labule. Ga shi nan, rigar wasanni, wandon gida, jakar kwamfuta a baya, takalmi sawu ciki ba safa. Ban taɓa ganin idon sawunsa ba sai ranar.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Bai jira an gama amsawa ba.

"Baba, a yi haƙuri. An ƙwace asusun Auta. Kada kowa a gidan nan ya amsa saƙon da ya fito daga wayarta."

Baba ya naɗe jaridar. "Shigo ciki."

Muka taru a falo. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, hannuna a kan yagaggen aljihun. Ya dube ni, ya sauke numfashi.

"Kina lafiya? Wayar tana wurinki?"

"Tana nan."

"To daga nesa suka shiga. Ya fi muni."

"Injiniya," in ji Mama, "ya aka yi ka san ba ita ba ce?"

"Mama, Auta ba ta taɓa rubuta min abin da ya wuce layi ɗaya ba. Ba ta taɓa ce min hasken idonta ba. A shagon tabarau take aiki, ba ta wasa da maganar ido. Kuma wanda ya rubuta ba ƙwararre ba ne. Ya cika zaƙi. Ko yaro ba zai faɗa wannan tarkon ba."

Yaya ta gyara mayafinta. "Wataƙila dai mutumin ya iya rubutu."

"Bai iya ba, Yaya. Na ga irinsu da yawa. Wannan yana cikin na ƙasa."

Baba ya yi tari a cikin hannunsa.

"To yanzu me suka sata?" ya ce. "Kuɗi?"

"Babu kuɗi a ciki."

"To mene ne abin tayar da babur haka?"

Injiniya ya gyara jakar da ke bayansa. A wurin aikinsu, in abu ya faru, dole ne a faɗa wa masu gida abin da ɓarawo ya iya gani, komai nauyinsa. Shi ya taɓa faɗa min haka. Na ga yana kokawa da dokar a fuskarsa. Dokar ta yi nasara.

"Ɓarawon ya ambaci wani saƙo da na tura mata. Ke nan ya gan shi."

"Me ke cikin saƙon?"

Ya dubi kafet. "Na ce ina so in aure ta. Na ce idan ta amince zan yi maka magana."

Daga kicin ana jin murfin tukunya yana rawa. Mama ta juyo ta dube ni, ta ɗan daɗe, sannan ta kawar da kai. A wurin Mama wannan ban haƙuri ne.

"Ashe ka tura," in ji Baba. "Ina saƙon?"

"Ya goge, Baba. Haka aka tsara shi."

"A zamaninmu in saƙo ya ɓace, korar mutum ake yi. Ku kuma biyanku ake yi." Ya jingina da kujera. "Ta amince?"

"Ba ta amsa ba. Shi ya sa ban zo ba. Na ɗauka amsar ke nan."

"Wani dattijo ne ya hana ni," na ce. Kowa ya juyo. "Yana zaɓar firam. Kafin in dawo ya goge."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Na tambaya. Ka ce na buɗe."

"Ai kin buɗe."

"Ku dakata," in ji Mama. "Ku biyun nan in aka bar ku, sai an yi shekara ana wannan." Ta juya ga Yaya. "Ke, faɗa masa."

Yaya ta kalli farcenta. "Ni ce ɓarawon."

Ya dube ta. Ya dube ni. Ya sosa ƙeya.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ban san…"

"Na ƙasa, ko? Da wannan rubutun na auri mijina."

"Allah ya ƙara masa haƙuri," in ji Baba, a hankali, yana kallon jaridarsa.

Baba ya ce to, shi ya ji nasa, saura ni. Ni kuwa na gaji da abin da ke gogewa.

"Ban ga saƙon da kyau ba," na ce. "Ya sake faɗa. Da baki."

Mama ta riga ta ɗaga wayarta za ta naɗi murya, don ta tura wa 'yan uwanta. Injiniya ya ɗaga hannu.

"Mama, don Allah. Yanzu da ɗan guntun murya ake kwaikwayon mutum. Zan faɗa, amma a fitar da wayoyi."

Mama ta dubi Baba. Baba ya zaro tasa daga aljihu ya miƙa. Aka kawo robar wanki daga bayan gida, kowa ya jefa tasa. Yaya tana da biyu, sai da Mama ta harare ta ta fito da ta biyun. Shi da kansa ya kai robar baranda, ya dawo ya rufe ƙofa. Bai koma kujerarsa ba. Ya tsaya a tsakiyar falo, ba safa, ya juyo gare ni.

Ya faɗa.

Ya fi na wayar tsawo. Ya yi tuntuɓe a wurare biyu. Akwai inda Yaya ta ja hanci, daga baya ta ce turarenta ne ya shige mata. Abin da ya ce ba zan rubuta muku ba. Nawa ne. Amsata kuwa gajeriya ce, kun san ni. Baba ya ce ya turo manyansa. Mama ta shiga ciki ta kawo masa lemo, ta tsaya a kansa har ya shanye duka.

Duk da haka ya tafi da wayata. Wai tun da wani hannu ya taɓa ta, sai an duba. Yaya ta ce hannunta ba cuta ba ne. Ya ce ba ita ba ce, ƙa'ida ce.

Yau da rana ya kawo min ita shago. Ya sa safa. Ya ajiye ta a kan kanta, ya ce lafiyarta ƙalau, ya canza min kalmar sirri. Sai ya tsaya yana juya wani firam a hannu.

"Ummata za ta zo gidanku ranar Asabar," ya ce. "Tana so ta gan ki kafin maza su zo."

"To. Me take so? Me ba ta so? Ba ta san ni ba."

"Ta san ki."

"A ina?"

Ya mayar da firam ɗin wurinsa, ya daidaita shi.

"Labarin nan da kike rubutawa a intanet. Tana bin sa tun daga farko. Ita ta nuna min. Ta ce wurin da kika ce ina tafiya kamar mai bin sawun ɓarawo, gaskiya ne, haka babana ma yake."

Ya ce sai anjima, ya fita.

Na koma na duba duk abin da na rubuta muku tun farko. Akwai inda na ce duk matar da ta yi rainon mutum irin wannan, ina so in ga idonta in tambaye ta me ya faru. Yana nan, ba ya gogewa.

Ban san wacce ce ke a cikin masu karatun nan ba. Mai yawan turo alamar dariya ce, ko mai cewa in riƙa haƙuri da shi. Umma, ina wuni. Ranar Asabar shayi kike sha, ko lemo?